Štanjel: Ƙauyen da ya koyi tara ruwan sama a kan dutse

A kudu maso yammacin ƙasar Sloveniya, 'yan kilomitoci kaɗan daga iyakar Italiya, akwai wani ƙauye da ke manne a jikin tudu kamar sheƙar tsuntsu. Sunansa Štanjel, ana furta shi Shtanyel, kuma mazaunansa ba su wuce 'yan ɗaruruwa ba. Gidajensa na dutse sun jeru hawa-hawa, rariya bisa rariya, ganuwa ta zagaye su. Masu yawon buɗe ido suna zuwa ne don kyansa, amma tarihinsa tarihin ƙishirwa ne.

Yankin da ƙauyen yake, wanda ake kira Kras, shimfiɗe yake da farin dutse mai ramuka, irin wanda ake ƙonawa a yi farar ƙasa. Ana samun ruwan sama sosai, sai dai ba ya zama: da ya sauka sai ya zurare ta tsagogin dutse zuwa kogunan ƙarƙashin ƙasa. Kogin Reka ma kansa a kogon Škocjan yake nutsewa, ba a sake ganinsa sai kusa da teku a gefen birnin Triyeste. Daga sunan wannan yanki masana ƙasa suka samo kalmar da suke kiran duk wani wuri mai irin wannan hali a duniya.

Wanda ba shi da rafi, rufin ɗakinsa ne rijiyarsa. Haka mutanen Štanjel suka fahimta tun ƙarnoni da suka shuɗe. A tsakiyar ƙauyen akwai wani tsohon gida da aka mayar gidan adana kayan tarihi. Rufinsa fale-falen dutse ne masu nauyi, saboda iskar da suke kira burja, wadda ke kaɗowa daga arewa maso gabas da ƙarfin da zai kwashe rufi mara nauyi. Indararonsa ma daga dutse aka sassaƙa shi, kuma aikinsa shi ne kai kowane ɗigon ruwa cikin rijiyar tara ruwa da ke gefen gidan. A ƙasan gidan dabbobi suke kwana, mutane kuma a sama.

Ganuwar ƙauyen ta samo asali ne daga tsoro. A ƙarni na 15, lokacin da mahayan Daular Usmaniyya ke kai hare-hare cikin wannan yanki, aka ƙarfafa ta domin manoma su sami mafaka. Daga baya masu sarauta na zuriyar Cobenzl suka faɗaɗa fadar da ke bakin ƙofar gari a ƙarni na 16 da na 17. Kusa da ita akwai majami'ar Waliyyi Daniyel, wadda ƙauyen ya ci sunanta, da hasumiyarta ta 1609 mai kai kamar lemun tsami, da ake hangowa tun daga nesa.

Ƙarni na 20 bai bar ƙauyen ya huta ba. Tsohon da aka haifa a nan kafin 1918 ya rayu ƙarƙashin tutoci huɗu ba tare da ya bar ƙofar gidansa ba: daular Ostiriya da Hangari, sai Italiya bayan Yaƙin Duniya na Farko, wadda ta sauya wa ƙauyen suna zuwa San Daniele del Carso, sai Yugoslabiya daga 1947, sannan Sloveniya mai 'yanci daga 1991.

A zamanin mulkin Italiya ne Max Fabiani ya bar tambarinsa a Štanjel. An haife shi a 1865 a Kobdilj, ƙauyen da ke maƙwabtaka, ya yi suna a matsayin mai zanen gine-gine a birnin Biyana, sannan ya dawo gida. A shekarun 1920 da 1930 ya tsara wa wani likita ɗan Triyeste, Enrico Ferrari, lambu a gangaren tudun, mai tafki da ƙaramar gada. Tafki a ƙasar da ba ta riƙe ruwa abin mamaki ne, amma Fabiani bai zo da sabuwar dabara daga waje ba. Hikimar indararon kakanninsa ya faɗaɗa: magudanai da bututu da tankuna da ke kama ruwan sama daga tudun su shayar da lambun. Ya kuma riƙe shugabancin ƙauyen daga 1935 zuwa 1945, a lokacin mulkin Fasist, abin da ya sa ba a ambaton sunansa da yabo zalla.

Yaƙin Duniya na Biyu ya yi wa fadar da gidaje da dama mummunar ɓarna. Gyaran ya ɗauki shekaru gommai. A yau fadar tana ɗauke da zauren baje kolin ayyukan mai zane Lojze Spacal, lambun Ferrari kuma a buɗe yake ga jama'a. A 2018 hukumar UNESCO ta sanya fasahar gina katangar dutse ba tare da laka ko siminti ba cikin jerin gadon al'adun ɗan Adam, kuma Sloveniya na cikin ƙasashen da suka gabatar da ita.

Sai dai rajista a takarda ba ta ɗaga dutse. Katangar da ba ta da siminti tana buƙatar hannun da ya san yadda ake zaunar da dutse bisa dutse, kuma rijiyar tara ruwa takan lalace idan famfo ya sa an manta da ita. Kuɗin hukuma na iya ta da fadar da ta rushe, amma ba su isa su maye gurbin magidancin da zai hau rufi ya share indararo kafin ruwa ya sauko ba. Makomar Štanjel ta dogara ne da ko 'ya'yan ƙauyen za su ci gaba da kwana a cikin ganuwar, su kuma koyi aikin da ya tsayar da ita.