Wa ke ɗaga sugan Kawu da tsakar dare?

Lamba ɗaya ce ta hana gidan Kawu sakat, wadda ƙaramar na'urar gwajin suga ke nunawa idan ya dawo daga sallar asuba. Yau 230, gobe 250, jibi ta ɗan sauko, gata ta sake hawa. Mai ciwon suga da ya kwana bai ci komai ba ana son a ga nasa tsakanin 80 da 130. Kawu tsohon malamin makaranta ne a Kano, ya daɗe da ciwon, har ƙwayoyi suka gaza aka ɗora shi kan allurar insulin sau biyu a rana, da safe da kuma bayan magariba. Da rana lambobinsa ba su da laifi. Safiya ce kawai ta ƙi daɗi.

Tuwo aka fara kamawa da laifi, kamar yadda aka saba a kowane gida. Inna ta rage malmala, ta bar shinkafa ta koma alkama, daga alkama ta koma acca, miyar ganye ta fi tuwon yawa a kwano. Kawu ya yi ta mita, wuyan rigarsa ya fara yi masa yawa, lamba kuwa ko gezau.

Sai zargi ya koma kan maganin. Insulin ba ya son zafi. Kwalbar da ba a buɗe ba wurinta firji ne, a sanyin da ke tsakanin digiri 2 da 8, ga shi a watan Afrilu zafin Kano kan haura 40, wuta kuma sai an ga dama. Inna a gindin randa take ajiye kwalbar, cikin ɗan kwano mai murfi a kan jiƙaƙƙen yashi. Dabararta ba ta banza ba ce: wani bincike da ƙungiyar likitocin MSF ta yi da Jami'ar Geneva, aka wallafa a 2021, ya nuna insulin da ake amfani da shi na iya riƙe ƙarfinsa na mako huɗu a zafin da ke hawa da sauka tsakanin digiri 25 da 37, irin na sansanin 'yan gudun hijira na Dagahaley a Kenya. Duk da haka aka sayo sabuwar kwalba daga kemis mai janareto. Ba ta sake zane ba. Ƙanwarmu mai karatun jinya ta ce dama ba za ta sake ba, domin da maganin ya lalace da rana ma za a gani.

A wani ƙaramin asibiti aka duba littafin da Kawu ke rubuta lambobinsa, aka yi abin da hankali zai fara kawowa: suga ya yi yawa da safe, a ƙara allurar yamma. Aka ƙara. Lambar safe ta haura 270. A nan ne ya kamata kowa ya tsaya, amma a gida fassarar da aka yi ita ce ciwon ne ya ƙara ƙarfi.

Likitar da muka je wa daga baya ba lambar safe ta tsaya kallo ba. Gwajin HbA1c ta sa aka yi, wanda ke nuna matsakaicin sugan mutum na wata biyu zuwa uku. Na Kawu ya fito kashi 7 da ɗan ɗoriya, wato matsakaicin da bai wuce 160 ba sosai. Kafin ta yarda da sakamakon sai da ta tambayi rukunin jininsa, saboda sikila da ƙarancin jini na iya sa wannan gwajin ya yi ƙarya, kuma a ƙasarmu ba tambayar da za a tsallake ba ce. Kawu AA ne, jininsa kuma bai yi ƙasa ba.

"To Baba," in ji ta, "in kullum kana wayar gari da 250 amma matsakaicinka ya tsaya nan, akwai lokacin da sugan ke faɗuwa ƙasa ba mu gani. Dare nake zargi. Kana cin wani abu bayan isha'i?"

"Ko ruwan shayi ba na sha, likita."

Ta ba da shawarar a manna masa na'urar da ke bibiyar suga dare da rana, ko da na mako biyu ne kacal. Irin wadda aka samu ita ce FreeStyle Libre ta kamfanin Abbott, wadda ta fara fita a Turai a 2014. Farar aba ce mai faɗin tsabar kuɗi, ana manna ta a bayan damtse, wani siririn zare mai tsawon kusan milimita 5 ya shige ƙarƙashin fata ya zauna kwana 14. Ba jini take aunawa ba, ruwan da ke tsakanin ƙwayoyin nama take aunawa, shi ya sa takan makara da 'yan mintoci a bayan abin da ke cikin jini. A kara waya a jikinta sai ta zana layin da suga ya bi. Tsadarta ba ta wasa ba ce, sai da 'ya'ya suka yi karo-karo.

Daren farko bai ba mu cikakken zane ba. Irin wannan na'urar bayanan awa takwas kawai take iya riƙewa, Kawu kuma bai kara wayar ba tun la'asar sai da hantsi, don haka farkon daren ya goge. Aka ɗora wa jikarsa aikin karawa kafin barci da kuma da asuba.

Dare na biyu ya tayar da hankali. Wajen ƙarfe sha ɗaya layin ya faɗo tsaye daga 140 zuwa ƙasa da 60 cikin 'yan mintoci, ya ɗan jima, ya koma inda yake kamar ba a yi ba. Washegari da dare ƙanwarmu ta zauna gadi. Da ta ga layin ya sake faɗowa sai ta tashe shi ta huda yatsa: 135. Ashe a damtsen dama aka manna na'urar, Kawu kuma a kan damansa yake kwanciya tun yana yaro. Nauyin jiki ya danne wurin, ruwan da zaren ke aunawa ya ragu, na'ura ta ga faɗuwar da babu ita. Masu amfani da ita sun san wannan hali nata, kuma duk lokacin da lamba ta saɓa da yadda mutum ke ji, yatsa ne alƙali.

Wannan ya kusa ɓatar da mu, domin daga nan gida ya yanke cewa na'urar maƙaryaciya ce, kuɗi sun tafi a banza. Likita ce ta jera zanen darare da yawa a kan teburinta ta nuna mana cewa faɗuwa biyu ce a kowane dare, kuma ba kama suke ba. Ta farko tsaye take sauka, tsaye take hawa. Ta biyu a hankali take gangarowa tun daga sha biyun dare, ta ratsa 100, ta ratsa 70, wajen biyu da rabi ta taɓa 55. Danne hannu ba ya yin irin wannan gangara. Aikin allurar magariba ne. Insulin ɗin Kawu gauraye ne, kashi 30 mai saurin aiki, kashi 70 mai jinkiri, kuma mai jinkirin yana kan ganiyarsa ne sa'o'i bayan an yi allurar, daidai lokacin da ɗan tuwon accan da aka rage ya gama narkewa. An rage abinci, an ƙara allura.

Saura tambaya ɗaya. Me ke ɗaga shi daga 55 zuwa 250 kafin kiran assalatu?

Amsoshi biyu ne a littattafan likitanci. Ɗaya ita ce hawan asuba, wanda aka yi wa suna a 1981: gab da wayewar gari jiki na sakin sinadarai irin su kotisol da sinadarin girma, hanta ta zubo suga don shirin tashi. Sai dai wannan hawa ne mai laushi, kuma ba ya farawa da faɗuwa. Ɗayar ta Michael Somogyi ce, masanin sinadarai haifaffen Hangari da ya yi aiki a St. Louis ta Amurka, wanda tun shekarun 1930 ya ce idan insulin ya kayar da suga da dare, jiki kan rama da ƙarfi har ya zarce. An daɗe ana koyar da wannan, amma da na'urorin bibiya suka yawaita sai aka ga ba kasafai yake faruwa ba: yawanci wanda sugansa ya faɗi da dare da ƙaramar lamba yake wayar gari. Likita ta ɗora biro a kan inda layin ya miƙe sama cikin abin da bai kai awa ɗaya ba.

"Wannan ba hanta ba ce. Ta baki ya shiga."

Kawu ya ce shi dai ya faɗi gaskiya. Inna ta ce madafa a kulle take kwana, makullin kuma a ƙarƙashin matashinta. Aka dawo gida kowa na kallon kowa.

Jikar nan mai kara waya ita ke share ɗakin Kawu. Da ta ji ana ta jan zancen a tsakar gida sai ta ce, ba tare da ta san ta warware komai ba, ai kullum tana kwashe ƙwallayen dabino a gefen dardumar Kaka, wani lokaci bakwai, wani lokaci sun fi. A bayan littattafansa kuma akwai kwalbar zuma da cokali.

Kawu bai musa ba, mamaki ma ya yi da aka ɗauki abin da girma. Shekara da shekaru yana tashi nafila wajen biyu da rabi. A 'yan watannin nan yakan farka jiƙe da gumi, hannu na rawa, zuciya na bugawa, gwiwa ba ƙarfi. Ya ɗauka tsufa ne. Sai ya ci dabino, ya kaɗa zuma a ruwa ya sha, jiki ya dawo, ya yi alwala.

"Ke tambayata kika yi abinci," ya ce da likita a zuwa na gaba. "Dabino da zuma ai magani ne."

Ni dai ban ga laifinsa ba, kuma likitar ma ba ta yi masa faɗa ba. Ta ce wannan dabinon shi ya yi ta ceton ransa, domin suga ƙasa da 54 na iya kai mutum ga suma ko farfaɗiya cikin barci. Yawan ne ya yi yawa. Abin da ake so giram 15 ne na suga, kimanin ƙananan dabino uku ko cokalin zuma babba guda, a jira minti 15 a sake gwadawa. Kawu yana ninka wannan sau uku ko huɗu, sai hawan asuba ya zo ya ɗora nasa a kai. Ana ganin lambar safe a ƙara allura, allura ta ƙara kayar da shi, shi kuma ya ƙara dabino.

Ta rage allurar magariba, ta ce a mayar masa da tuwonsa daidai misali, dabino uku kuma su ci gaba da kwana kusa da darduma don ko ta kwana. Kafin kwanakin na'urar su cika layin dare ya daina taɓa 70, lambar safe ta sauko ƙasa da 150.

Ba a sake sayen wata ba, aljihu ba zai ɗauka ba, kuma yawancin masu ciwon suga a garuruwanmu ko sau ɗaya ba za su iya ba. Amma tsinken gwaji guda da ƙarfe biyu ko uku na dare zai nuna babban ɓangaren abin da ta nuna. In kana da mai allurar insulin a gida, lambar safensa na hawa duk da ƙarin magani, ko yana farkawa cikin gumi da rawar jiki, a gwada shi a wannan lokacin dare biyu ko uku, a rubuta, a kai wa likita kafin kowa ya taɓa yawan allurar. Kuma in za a tambaye shi, kada a ce me ya ci. A ce me ya sa a baki.