Mafarautan Sabon Garin Wudil da Ranin da Ya Kuɓuce Musu

Duk mai bin titin Kano zuwa Maiduguri da rani ya saba ganin motar a-kori-kura ta doso gadar Wudil da duku-duku, samari sun cika bayanta maƙil, kowa da gora ko barandami, karnuka sun leƙo da kai ta tsakanin ƙafafu, makaɗi ya takure a kusurwa yana rungume da gangarsa saboda sanyi. 'Yan farauta ke nan sun kama hanyar daji. In ka zauna da dattawan Sabon Gari, ɗaya daga cikin mazaɓu goma na ƙaramar hukumar Wudil, ka tambaye su abin da ya sami farauta, amsar da za ta fara fitowa ita ce daji ya ƙare. Ba su yi ƙarya ba. Sai dai akwai wani abu da ya ƙare tare da dajin wanda ba a cika kawo zancensa ba, kuma a ganina shi ne ya fi yi wa sana'ar illa: lokaci. Farauta aba ce da ake biyan kuɗinta da kwanaki, kuma kwanakin nan ne mutumin Sabon Gari ya rasa. Duk abin da ake kuka da shi game da 'yan farautar yau, daga ƙona daji zuwa faɗa da sara, in ka bi salsalarsa za ka tarar da gaggawa a ƙarƙashinsa.

A da shekarar Bahaushe ita ke raba wa kowace sana'a rabonta. Damina ta gona ce, babu mai ɗaga kai. Da kaka a yi girbi, a kai hatsi rumbu, a kwashe kara. Daga nan sai rani ya buɗe, watanni biyar ko shida da manomi ke zama maƙeri ko masaƙi ko ɗan ci-rani ko mafarauci. Ciyawa ta bushe, ido na ganin nesa, ruwa ya janye zuwa 'yan kududdufai, dabba dole ta zo inda aka san za ta zo. A ƙasar Maradi da Birnin Ƙonni har biki ake yi na buɗin daji, kafinsa babu mai shiga da niyyar kisa. A nan ƙasar Kano ko ba a yi biki ba, aikin gona da kansa ya isa doka. Lokacin da zabuwar daji ke kwance kan ƙwanta a cikin duhuwar damina, mutumin da zai dame ta yana sunkuye a kunya da fartanya. Ba wanda ya rubuta wannan hutu a takarda, amma dabbobi sun ci moriyarsa shekara da shekaru. Haka kuma akwai bambanci da kowa ya sani tsakanin maharbi, wanda ke fita shi kaɗai da kwari da baka ko bindigar toka, ya kwana a gindin itace yana jira, da 'yan farautar gayya masu ganga da karnuka. Kowane da ranarsa, kowane da shugabansa, Sarkin Baka ko Sarkin Dawa, wanda in ya ce yau ba a shiga wuri kaza, to ba a shiga.

Yanzu dubi abin da rani ya zama a Sabon Gari. Tun da aka gina madatsar ruwa ta Tiga a 1974, ta Challawa ta biyo baya a 1992, kogin da ya ratsa Wudil ya sauya hali, noman rani ya kankama a bakinsa. Ƙaramin injin ban ruwa ya shigo hannun talaka, fadama ta cika da tumatir da albasa da tattasai. Shukar rani kuwa ba ta san uzuri ba: wanda ya tsallake ranar ban ruwa zai gani a jikin ganye kafin mako ya zagayo. Ga kasuwar Juma'a, wadda karar shanunta ke jawo fatake daga nesa, kuma hidimarta tun ranar Alhamis take farawa ga dillali da ɗan dako da mai abinci. Ga jami'ar kimiyya da fasaha da aka kafa a 2001, wadda yanzu ke ɗauke da sunan Aliko Ɗangote, ga makarantar horar da manyan 'yan sanda. Ɗalibai na buƙatar ɗakin haya da shago da mai babur, gini na buƙatar birkila da lebura, motocin tifa na jiran masu haƙar yashi a kogi. Birnin Kano kilomita 40 ne kawai ko ɗan sama da haka, mutum ya je aiki da safe ya kwana gida. Duk wannan arziki ne, kuma ba na fatan ko ɗaya ya ragu. Amma sakamakonsa shi ne rani ya daina zama sarari, ya zama damina ta biyu. Ƙidayar 2006 ta sami mutum sama da 185,000 a ƙaramar hukumar, kan ƙasar da ba ta wuce murabba'in kilomita 362 ba. Inda mutum ɗari biyar ke raba kilomita ɗaya, saura da kurmi ba sa daɗewa. Dajin ya matsa nesa daidai lokacin da kwanakin zuwa gare shi suka ragu, abu biyu suka haɗu wa mafarauci.

To me mutum zai yi in yana son daji amma yini ɗaya ko biyu kawai yake da su? Zai haɗa kuɗin mota da wasu hamsin irinsa, su nausa wajen Sumaila ko ƙasar Ningi, su sauka a dajin da ba su san makwancin dabbarsa ba, ba su san gonar wa ke bayan tsauni ba, ba su san inda Fulani suka yi mashekari ba. Tun da babu halin bin sawu, sai a nemi hanyar da ta fi sauri: a cinna wuta a ciyawa, a tsaya ta bakin iska da gora. Wutar za ta koro zomo da gafiya, amma za ta cinye abincin shanu da ƙananan itatuwa, wani lokaci har da karan da manomi ya tara. In kare ya kama, mutum uku za su ce nasu ne, domin ba su san juna ba balle su san karnukan juna, kuma babu dattijon da dukkansu ke jin kunyarsa. Kwatanta wannan da abin da yaro ke koya in ya bi babansa bayan gari sau biyu a mako har rani ya fita. Zai durƙusa kan rairayi da sassafe, a nuna masa sawun zomo, manyan ƙafafun baya sun faɗa gaban na gaba, a ce ya taɓa gefen sawun: in yashin ya tsaya da kaifinsa na daren jiya ne, in iska ta share bakinsa ya kwana biyu. Zai san ramin da damo ke ciki da wanda maciji ya gaje. Zai ji kukan fakara ya faɗi nisan ruwa. Zai ga an saki macen da ke da ciki ba tare da an yi masa dogon bayani ba. Irin wannan sani ba ya shiga kai a bayan mota, kuma shi ne ainihin abin da ake kira farauta; naman ƙari ne.

Waɗanda suka riƙi abin sana'a sosai kuwa, tun da daji ya ƙi kusa, sai su bar gida watanni su tafi Kudu. Ƙasar Kano ba za ta manta da ƙarshen watan Maris na 2025 ba, lokacin da aka tare mota a Uromi ta jihar Edo aka kashe mafarauta 16 da ke dawowa gida hutun Sallah daga jihar Ribas, akasarinsu 'yan ƙaramar hukumar Bunkure, wadda ba ta da nisa da Wudil. Alhakin jininsu na kan waɗanda suka kashe su, babu wani bayani da zai rage wannan. Amma abin ya nuna irin nisan da mafaraucin Kano ke ci yau kafin ya sami dajin da zai riƙe shi, da kuma yadda bindigar toka da karnuka, waɗanda a garinsu kowa ya san ma'anarsu, ke zama abin zargi a wurin da ba a san mai su ba.

Wani zai ce, to a bar ta ta mutu mana. Saurayin da ke da injin ban ruwa da babur me zai yi da bin kurege? Ai wannan ci gaba ne, kuma malamai ma ba su cika son yawo da karnuka ba. Maganar addini ita ce mafi sauƙin amsawa. Suratul Ma'ida ta halatta cin abin da horarren kare ya kamo in an ambaci sunan Allah, kuma littafin Risala, wanda ɗaliban zaure ke karantawa a duk ƙasar Hausa, ya karhanta farautar da aka yi don wasa kawai, ya halatta wadda ba don wasa ba. In aka lura, wannan hukunci ya fi kama farautar hayaniya ta yini ɗaya, ba ta mutumin da ya san abin da ya fita nema ba. Batun amfani kuwa, a tuna da watan Nuwamban 2014, lokacin da maharba da 'yan banga suka taimaka wa sojoji ƙwato Mubi daga hannun Boko Haram. Abin da suka kawo ba ƙarfin makami ba ne, sanin daji ne, irin wanda ake tarawa a hankali. Gari da ke kan babbar hanya, da kasuwar shanu kamar ta Wudil, bai kamata ya wayi gari babu mutum goma da za su iya bin sawun sa da aka sace ba. Bayan haka sha'awar ba ta mutu ba, motocin da ke tsallake gada shaida ne. Zaɓin da ke gabanmu shi ne ko a yi farauta mai tsari ko a ci gaba da marar tsari.

Ƙorafi na biyu ya fi nauyi: dabbobin sun yi ƙaranci, in aka ƙara wa mafarauta lokaci ai ƙarasa su za su yi. Da kwanakin da mutum ke yi a daji su ne ma'aunin ɓarnarsa, da wannan magana ta tsaya. Amma wuta ɗaya ta yini guda tana kashe abin da maharbi ba zai kashe a rani uku ba, har da ƙwai da 'ya'ya da mafakarsu. Wanda zai dawo wuri jibi yana da dalilin barin wani abu a cikinsa. Wanda ba zai sake ganin wurin ba sai baɗi, ko har abada, ba shi da shi. A Amurka, barewar ƙasar ta farfaɗo bayan ta kusa ƙarewa a wurare da yawa. Ba hana farauta aka yi ba. An yanka mata watanni, an ƙayyade adadi, kuma tun 1937 harajin bindiga da harsashi ke tafiya wajen kula da namun daji. Mu ma Arewa na da dokar namun daji tun 1963, ga gandun Falgore da aka keɓe a kudancin jihar Kano. Abin da ya ɓace shi ne hutun damina da iyakar rani da aikin gona ke tsarewa da kansa, kuma tun da shekarar ta daina tsare su, dole mutane su tsare su da baki.

Saura ƙorafin da na fi jin nauyinsa, na magidancin da in bai fita yau ba tukunya ba za ta hau wuta ba. Ba za a ce masa ya bar albasarsa ta bushe don ya koya wa ɗansa sawun zomo ba. Amma lokaci a ƙauye bai taɓa zama abin da mutum ɗaya ke nema shi kaɗai ba. Mutanen da suka iya gayya a gona, suka iya adashi, suka iya raba ranakun ban ruwa a fadama ɗaya ba tare da alƙali ba, za su iya cewa safiyar Asabar, bayan gajiyar kasuwa, maƙwabci ya riƙe wa maƙwabci inji, mako mai zuwa a juya. Awa uku kusa da gida, a kai a kai a rani, sun fi kwana biyu a dajin wasu, kuma ba sa cin kuɗin mota. Wannan na buƙatar wurin zuwa, kuma a nan ne dagaci da masu unguwa da Sarkin Dawa ke da aiki: gefen kogi da kwazazzabai da tudun da ba ya nomuwa, a daina yanka su filoti har ƙarshe, a bar wani yanki ya yi duhuwa, a hana wuta a cikinsa, a rufe shi daga saukar ruwan farko har a gama girbi. Zomo da fakara da zabo ba sa neman dajin Falgore kafin su hayayyafa, ƙaramar sarƙaƙiya da shekara biyu na kwanciyar hankali sun ishe su. A rubuta sunayen masu shiga, a ba wa masu tafiya nesa takardar shaida daga hukuma da sarakunansu. Dattawan da suka san dajin Wudil tun yana daji suna nan a Sabon Gari, wasu a bakin kasuwa suna sayar da maganin gargajiya, wasu a zaure ƙafa ta gaza, kuma yawancinsu za su iya taka rabin kilomita zuwa bakin kogi in aka sami yaron da zai riƙe musu gora.