Malamin Asibiti, Mutumin da Ƙauyukan Chikun Suka Dogara da Shi

Mazaunin Kakuri ko Barnawa a birnin Kaduna, in ciwo ya tasar masa da dare, yana da inda zai nufa. Ga Asibitin Gwamna Awan, ga na Saint Gerard, ga kuma babban asibitin Sabon Tasha ga mutanen can gaba. Amma Ƙaramar Hukumar Chikun, wadda Sabon Tasha da Narayi ke cikinta, ba a bakin kwalta ta tsaya ba. Ta miƙe har Kujama da Kakau da Gwagwada, ta zagaya har Kuriga da Udawa ta wajen hanyar Birnin Gwari. A irin waɗannan garuruwa, macen da naƙuda ta zo mata da gardama, ko yaron da zazzaɓin cizon sauro ya kayar, da wuya su fara haɗuwa da likita. Wanda za su tarar shi ne malamin asibiti, wato jami'in lafiyar al'umma.

Ba mu kaɗai ne muka dogara da irinsa ba. A Amurka, ƙarancin likitoci ne ya sa Dakta Eugene Stead ya buɗe wani kwas a Jami'ar Duke a 1965, ya ɗauko tsofaffin masu jinyar sojan ruwa ya horar da su su zama mataimakan likita. Mozambik ta fi haka ƙarfin hali: tun 1984 take koya wa ma'aikatan da ba likitoci ba aikin tiyata. Wani bincike da aka buga a 2007 ya nuna su ne ke yin mafi yawan tiyatar haihuwa a asibitocin gundumomi, kuma bayan shekara bakwai akasarinsu suna nan a karkara, alhali likitocin da aka tura sun koma birni.

Nijeriya ta bi tata hanyar. Bayan taron Alma-Ata na 1978, wanda ya ɗora kiwon lafiya matakin farko a gaba, aka fara horar da manyan jami'an lafiyar al'umma a asibitocin koyarwa. Farfesa Olikoye Ransome-Kuti, ministan lafiya daga 1985 zuwa 1992, shi ya kafa wa tsarin turaku, kuma a 1992 aka samar da hukumar da ke yi wa waɗannan ma'aikata rajista. Ƙaramin ma'aikaci yana karatun shekara biyu, na tsakiya, wanda aka fi sani da CHEW, shekara uku. 'Yan Jihar Kaduna da dama a Kwalejin Shehu Idris da ke Maƙarfi suka yi nasu.

Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne, malamin asibiti ba da ka yake aiki ba. Yana da littafin ƙa'idojin aiki da ya jera masa alamomin ciwo, da tambayar da zai yi, da maganin da aka yarje masa ya bayar, da kuma gaɓar da dole ya tsaya ya tura majinyaci gaba. Yaro mai gudawa da ke iya shan ruwan gishiri da sukari, nasa ne. Yaron da idonsa ya zurma, ya kasa kama nono, na babban asibiti ne, kuma yanzu-yanzu. A ganina wannan sanin iyaka shi ne rabin ƙwarewarsa. Wanda ya ce "Mama, wannan ya fi ƙarfina, ku tafi Sabon Tasha" ya ceci rai kamar yadda mai yin allura ya ceta.

A 2014 gwamnatin tarayya ta faɗaɗa masa fili da manufar raba ayyuka tsakanin ma'aikatan lafiya. Wanda ya samu ƙarin horo yana iya karɓar haihuwar da ba ta da matsala, ya ba da maganin tsayar da zubar jini bayan haihuwa, ya yi wa mai jijjigar taune-taune allurar farko kafin a ɗauke ta, ya saka robar tazarar haihuwa. Zubar jini da jijjiga na cikin manyan abubuwan da ke kashe mata masu haihuwa a Arewa, kuma ba sa jiran gari ya waye.

Akwai masu ƙorafi, kuma ba a banza suke yi ba. An sha ganin wanda ya yi kwas ɗin shekara biyu ya kama ɗaki a lungu, ya rataya farar riga, yana ƙarin ruwa ga kowane mai ciwon kai, wani ma har ya taɓa wuƙa. Wannan ganganci ne, kuma hakkin hukuma ne ta rufe irin waɗannan wurare. Sai dai laifin wasu ba zai sa a rushe sana'ar ba, domin babu wanda zai maye gurbin. A 2024 ministan lafiya, Farfesa Muhammad Ali Pate, ya ce likitocin ƙasar nan kimanin 55,000 ne, kuma kusan 16,000 sun fice waje cikin shekaru biyar. Waɗanda suka rage ma sun fi taruwa a Legas da Abuja da manyan birane. Duk mai cewa a jira likita ya tare a Gwagwada, bai yi wa mutanen Gwagwada adalci ba.

Ni abin da ya fi damuna shi ne yadda aka ɗaure malamin asibiti a kan kujera. An tsara aikinsa ne ya fi yawa cikin gari: bin gida-gida, gano masu ciki da ba su fara awo ba, zama da ungozoma, tunatar da iyaye ranar rigakafi. Ƙarancin hannu ya sa shi ne mai yanka kati, shi ne mai duba marasa lafiya, shi ne mai ba da magani, shi ne mai cika rajista. Ga kuma rashin tsaro. Sace ɗalibai a Kuriga a watan Maris na 2024 ya nuna wa duniya halin da ma'aikacin gwamnati ke kwana ciki a wannan yanki, kuma ba za a zargi wanda ya nemi a dawo da shi cikin gari ba.

Gwamnatin tsohon Gwamna Nasir El-Rufa'i ta ɗauki aikin gyara cibiyar lafiya guda a kowace mazaɓa cikin mazaɓu 255 na jihar, Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 kuma ta ware aƙalla kashi ɗaya cikin ɗari na kuɗin shigar tarayya don kula da lafiya a matakin farko. Gini da doka sun samu. Saura ɗaukar waɗanda suka gama karatu suna aikin sa-kai shekara da shekaru, da gidan kwana a jikin asibiti, da alawus na zaman karkara, da likitan da zai riƙa leƙowa yana duba aikinsu, da lambar wayar da za a kira tsakar dare a ɗauka. Sannan a samar da motar da za ta kwaso mai naƙuda daga Kakau zuwa Kakuri ba tare da mijinta ya fara zagayen neman bashin kuɗin mai ba.