Sarki Mahmud Shah da Faɗuwar Birnin Malaka

Birnin Malaka yana bakin wani mashigin teku da ya raba tsibirin Sumatra da ƙasar Malesiya ta yau. A ƙarni na 15 babu kasuwar da ta kai tasa a wannan nahiya, domin nan fataken Sin da Indiya da Larabawa da mutanen Jawa suke haɗuwa, ana musayar siliki da yadi da kanumfari da masoro. Birnin bai dogara da noma ba, ko shinkafar da ake ci yawanci daga Jawa ake kawo ta. Watau dai arzikin sarautar duka yana rataye ne a kan amincewar baƙin fatake.

Wannan gado ne Mahmud Shah ya tarar da ya hau karaga a 1488, yana yaro. Waziri Tun Perak, wanda Malayawa ke kira Bendahara, shi ya riƙe ragamar mulki har rasuwarsa a 1498. Daga nan fada ta cika da gaba da tsegumi. A 1510 Sarki ya sa aka kashe Waziri Tun Mutahir bisa zargin yana neman kujerarsa, sa'an nan ya auri 'yarsa Tun Fatima. Ko littafin tarihin Malayawa, Sejarah Melayu, wanda aka rubuta don ɗaukaka gidan sarautar, bai ɓoye zaluncin wannan hukunci ba.

Turawan Fotugal sun fara zuwa a 1509, aka yi rikici, aka tsare wasu daga cikinsu. A 1511 Afonso de Albuquerque ya taso daga Goa da mayaƙa kimanin 1,200. Sarki yana da bindigogi da giwayen yaƙi da mutanen da suka ninka na Turawa, amma wasu fataken Sin, waɗanda suka gaji da halinsa, sai suka taimaki maharan da jiragensu. Aka yi ta gwabzawa a kan gadar da ta haɗa ɓangarorin birnin biyu, cikin watan Agusta Malaka ta faɗi.

To, a nan ne ya kamata a yi wa Mahmud adalci. A wurin Malayawa sarauta tana jikin sarki ne, ba a ganuwa take ba, saboda haka talakawa da hakimai suka bi shi Pahang, daga can zuwa tsibirin Bintan. Shekara goma sha biyar yana kai wa Turawa farmaki, yana tare musu hanyar abinci, har suka ƙone Bintan a 1526. Ya ƙaura Kampar a Sumatra, ya rasu can a 1528.

'Ya'yansa biyu suka kafa sababbin masarautu: Alauddin a Johor, Muzaffar a Perak. Zuriyar Johor ta yanke a 1699, amma sarakunan Perak har yau daga Muzaffar suke ƙirga asalinsu.