Kwamfuta ɗaya, ƴan wasa da yawa: yadda kowa zai tsare ajiyar wasansa

A gidaje da shagunan wasan bidiyo na Magariya, Bande da Waca, har zuwa Dungas da Dogo-Dogo, da wuya a samu yaro mai kwamfutarsa shi kaɗai. Na'ura ɗaya ce, yawanci ta hannu, an sayo ta a Damagaram ko an shigo da ita daga Kano, kuma mutane da dama ke taɓa ta a yini. Wa yana buga takardun makaranta, ƙane yana jiran ya tashi ya buga ƙwallo. Daga nan rigima ke farawa. Yaro ya kwashe wata biyu yana gina ƙungiyarsa a Ligue des Masters ta wasan PES, ya dawo daga lakwal ya tarar wani ya sayar masa da ƴan wasa, ko ya fara sabon wasa a kan nasa. A gida abin yakan ƙare da kuka da gaba. A shago kuwa, mai shago ne ke asarar abokin ciniki.

Abin da ake kira ajiyar wasa ƙaramin fayil ne da wasan ke rubutawa don ya tuna inda mutum ya tsaya. Ta GTA San Andreas, wasan da ya fito a 2004, kusan kilobayit 200 ce, ba ta kai nauyin hoto ɗaya na wayar salula ba. Wasan yana ba da gurabe 8 na ajiya, kuma duk wanda ya zaɓi gurbin wani ya danna, ya shafe aikin mai gurbin.

Abin lura shi ne wurin da fayil ɗin ke zama. A Windows, kowane asusu yana da dosiyensa a cikin C, ƙarƙashin Utilisateurs, ko Users idan na'urar da Turancin Ingilishi take. Yawancin wasanni suna zuba ajiyarsu a can: PES a cikin Documents, a dosiyen KONAMI, GTA ma a cikin Documents, wasu kuma a ɓoyayyen dosiyen AppData. Ke nan kwamfuta ba ta san wanda ke riƙe da manet ba. Asusun Windows da aka shiga da shi kawai ta sani. Idan yara huɗu suna shiga ta asusu ɗaya, a wurinta mutum ɗaya ne.

Manomi zai gane tsarin nan da nan. Wasan da aka girka a na'ura kamar gandu ne, na kowa da kowa. Ajiya kuwa gayauna ce, kowa da tasa. Raba su ba ya buƙatar intanet ko kuɗi. A Windows 10 ana shiga Paramètres, sai Comptes, sai Famille et autres utilisateurs, a ƙara mutum, a zaɓi buɗe asusu ba tare da na Microsoft ba, a sa masa suna da kalmar sirri. Galibi ba sai an sake girka wasan ba, don haka wurin da sabon asusu zai ci kaɗan ne. Duk wanda zai tashi sai ya danna maɓallin Windows tare da harafin L, na'urar ta kulle, mai zuwa ya shiga ta ƙofarsa.

Ya kamata mai gida ko mai shago shi kaɗai ya riƙe asusun administrateur, saura su zama asusun standard. Mai asusun standard ba ya iya buɗe dosiyen wani, kuma ba ya iya cire manhajar da aka girka wa kowa sai da kalmar sirrin babba. Wannan yana tsare har da abin da ya fi wasa muhimmanci: lissafin shago, takardun neman aiki da hotunan iyali.

Akwai tarko biyu. Na farko ya shafi masu wasa ta Steam, dandalin sayen wasanni na kamfanin Valve na Amurka. Mutane da yawa suna zaton sauya asusun Steam ya isa. Wasu wasanni lalle suna ajiya a dosiyen da Steam ya ware wa kowane asusu, amma wasu a Documents suke ajiyewa. A irin waɗannan, ƙane zai shiga da asusunsa na Steam ya tarar da ajiyar wansa, kuma idan akwai intanet, na'urar na iya tura ta can da sunan ƙanen. Maganin dai shi ne kowa da asusunsa na Windows. Tarko na biyu shi ne wasu tsofaffin wasanni da ke rubuta ajiya a cikin dosiyen da aka girka su. Su ba ruwansu da asusu, sai dai a raba gurabe, a rubuta a takarda a manna kusa da allo.

Masoya PES su lura da wani abu. Sababbin riguna da canjin ƴan wasa da aka gyara suna cikin fayil ɗin da sunansa ya fara da EDIT, a dosiyen ajiya. Sabon asusu zai buɗe babu su, sai an kwafa masa wannan fayil.

A shagunan da ke da PlayStation, tsarin ya danganta da na'ura. PS2, wadda ta fito a 2000, tana ajiya a ƙaramin kati mai megabayit 8, don haka mai dogon wasa zai iya sayen katinsa ya tafi da shi gida. PS3 da PS4 suna karɓar masu amfani har 16, kowa da ajiyarsa. Dabarar da ta fi ita ce a buɗe suna ɗaya na baƙi masu buga wasa ɗaya su tafi, sannan a ware wa masu zuwa kullum sunayensu.

A waya kuwa, wasanni irin su Free Fire da eFootball, sunan da PES ya koma a 2021, suna riƙe ci gaban mutum a na'urorin kamfani ta intanet. Haɗarin yana kan mai wasa da asusun baƙo. Idan aka goge wasan ko aka wanke wayar, hanyar komawa asusun na iya ɓacewa. Gara a haɗa shi da Google ko Facebook na mai wasan kansa, kada a haɗa da na mai wayar aro.

Sai maganar wuta. Mazauna yankin ba su manta da watan Agusta na 2023 ba, lokacin da Najeriya ta katse wutar da take ba Nijar, kuma ko a ranakun da aka saba wutar NIGELEC kan ɗauke. Idan ta ɗauke daidai lokacin da wasa ke rubuta ajiya, fayil ɗin na iya lalacewa ya ƙi buɗewa. Kwamfutar tafi-da-gidanka mai batir mai kyau ta tsira daga wannan. Ta tebur tana buƙatar onduleur, na'urar da ke riƙe wuta na ƴan mintoci.

Raba asusu ba ya hana faifan ajiya mutuwa, kuma mai gyara na iya sake girka Windows ya share komai. Saboda haka, sau ɗaya a mako, kowa ya kwafi dosiyen ajiyarsa a kile USB, wadda maƙwabtan Najeriya ke kira filash, ya sa mata sunansa da kwanan wata. Aikin bai kai minti biyu ba. Kafin a kai na'ura wurin gyara kuma, a fara kwafe Documents na kowane asusu, daga na mai gida har na auta.