Ɗaurin Aure A Birnin Istanbul

Masu hali da yawa kan zaɓi Istanbul domin bikin aurensu. Lalle birni ne mai daraja. Sarki Muhammadu Alfatih ya ci shi da yaƙi a 1453, kuma a can kabarin sahabi Abu Ayyubal Ansari yake, inda angwaye da amare kan kai ziyara.

Amma mu sani, tun 1926 dokar Turkiyya ba ta amincewa da aure sai wanda hukuma ta rubuta. Shari'a kuwa waliyyi take nema, da sadaki, da shaidu biyu adilai. Daɗewar gari ba ta cikin sharuɗɗa. Saboda haka duk wanda tsadar jirgi za ta hana iyaye da dattawan danginsa halarta, to ya sake shawara. Allah Ya sa mu dace.