MAIGIDA, YI WA IYALINKA WANNAN TAMBAYAR YAU DA DARE



Masu binciken lafiya idan suna son sanin ko mata sun san alamomin haɗari a lokacin juna biyu, tambaya guda suke yi: wace alama za ki gani ki ce sai asibiti yanzu-yanzu? Malam, ba sai ka jira su zo Garu da takarda da biro ba. Bayan Isha'i ka tambayi maiɗakinka, ka tambayi Inna, don ita za a fara kira.

Zubar jini kusan kowa zai faɗa. Zazzaɓi mai zafi, fashewar faya kafin lokaci, ɗa ya daina motsi, naƙuda ta wuce awa 12, waɗannan ma a sa su a lissafi.

Inda ake yin sake shi ne ciwon kai mai tsanani, gani dishi-dishi, da kumburin fuska da hannaye. Sai a ce ai laulayi ne, ko a ce zaƙi ne a jiƙa mata sassaƙe. Alhali sau da yawa hawan jinin masu ciki ne, wanda ke kaiwa ga jijjiga. Ya fi kama mai cikin fari, ita kuma ga kunya, ba za ta buɗe baki ba ko kai na sara mata. Idan ta faɗi tana taune harshe a ce iska ce. Yi mata tofi, ba mu hana ba, amma a cikin mota za ka yi shi. A asibiti akwai allurar da ke tsayar da jijjigar, kuma neman magani umarnin Manzon Allah (SAW) ne.

Ƙiyasin Hukumar Lafiya ta Duniya ya nuna a 2020 mata kusan 82,000 suka rasu a Najeriya sanadiyyar ciki da haihuwa, fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na duniya baki ɗaya. Hukumar ta ce a je awo aƙalla sau 8.

To sauran naka. Ran Lahadi kana kasuwar Illela, ko ka tsallaka Ƙwanni, waya ba ta shiga, mata na zaune suna jiran izininka. Ba da izinin tun yau, a gaban Inna. Ka ajiye kuɗin mota a hannunta da lambar direba, ka nemi 'yan uwa biyu da za su iya ba da jini, don daga Babban Asibitin Illela ana iya tura ku Sakkwato cikin dare.